Yadda mai aikin wutar lantarki zai samu takardar shaidar ƙwarewarsa a Najeriya

Yawancin masu aikin wutar lantarki a garuruwanmu ba a makaranta suka koyi sana'ar ba. Yaro ne ake kai shi wurin ubangida, ya fara da ɗaukar tsani da fasa bango domin binne bututu, daga nan a bar shi ya ja waya, ya ɗaura soket da makunni, har ranar da za a ba shi gida sukutum ya yi masa wayarin shi kaɗai. Bayan shekara biyar ko bakwai a yaye shi, ya buɗe nasa shagon. Irin wannan mutum yana iya yin shekara ashirin yana aikin da babu mai kushe shi, amma ranar da aka fito da kwangilar wayarin ɗin makaranta ko asibiti, ko wani kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata, abin da za a fara tambayarsa shi ne takarda. A nan ne za ka ga gwani ya koma yana neman wanda zai sa masa hannu a kan aikin da shi ya yi da guminsa, kuma ya biya kuɗin sa hannun. Na ga wannan ya faru da mutanen da na san hannunsu ya fi na mai takardar nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa na ga ya dace a shimfiɗa hanyar dalla-dalla, domin akwai ta, kuma ba a rufe ta ga wanda bai yi boko mai zurfi ba.

Matakin farko shi ne ka san wace takarda kake nema

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa takarda ɗaya ce. Hukumomi daban-daban ne ke bayar da shaidu daban-daban, kuma kowace da ƙofar da take buɗewa.

Wadda aka fi sani ita ce Trade Test, wadda Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyuka ta Tarayya ke bayarwa. Aji uku gare ta, kuma ƙidayar daga sama take saukowa: ana farawa da aji na uku, a hau na biyu, a ƙare da na ɗaya, wanda shi ne mafi girma. An tsara ta ne tun asali domin masu sana'ar hannu da suka koya a bakin aiki, kuma har yau ma'aikatun gwamnati da kamfanoni da yawa suna karɓar ta wajen ɗaukar masu sana'a.

Ta biyu ita ce ta hukumar NABTEB mai hedkwata a birnin Benin, wadda ta gaji jarrabawar fasaha da kasuwanci da a da ake yi ta hannun WAEC da cibiyoyin Ingila irin su City and Guilds. Tana bayar da NTC, wato takardar shaidar fasaha ta ƙasa, ga waɗanda suka kammala kwalejin fasaha, da ANTC, babbar takardar, a mataki na gaba. Ɗaliban makaranta suna zama jarrabawar a zangon Mayu da Yuni, masu zaman kansu kuma a zangon Nuwamba da Disamba. Wannan hanya ta fi dacewa da wanda ke da niyyar ci gaba da karatu zuwa kwalejin kimiyya da fasaha, domin akwai rubutu da lissafi da Turanci a cikinta.

Ta uku, wadda a ganina ita ta fi dacewa da wanda ya daɗe yana aiki, ita ce shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ake kira NSQ. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedkwatarta ke Kaduna, ita ke kula da wannan tsari, wanda aka fara shi da matakai shida, daga na mai taimaka wa gwani har zuwa na ƙwararre mai jagorantar aiki. A cikinsa akwai hanyar da ake kira RPL, wato amincewa da abin da mutum ya riga ya koya a waje. Ba a mayar da kai aji ka faro daga fari. Ana auna abin da ka iya ne da ma'aunin da aka rubuta wa sana'ar, a ba ka shaidar matakin da ka kai. Da wannan tsari ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi aiki da masu sana'a na kasuwar Panteka.

Ta huɗu ta bambanta da sauran. Waɗancan uku suna shaida cewa ka iya, ita kuwa wannan izini ce ta yin aikin da sa hannu a kansa. Hukumar NEMSA ce ke bayar da ita, hukumar da dokar 2015 ta kafa domin duba ingancin ayyuka da kayan lantarki, wadda kuma dokar lantarki ta 2023 ta ci gaba da ba ta wannan aiki. Kafin kafa ta, sashen sufetocin lantarki na Ma'aikatar Wutar Lantarki ne ke bayar da lasisin. Idan burinka shi ne ka karɓi kwangila da sunanka, ka cike gurbin mai lasisi a takardar neman haɗa wuta da ake kai wa kamfanonin rarraba lantarki irin su KEDCO ko Kaduna Electric ko JED ko YEDC, to nan ne ƙarshen tafiyarka, sauran takardun kuwa tsani ne da za ka taka ka isa can.

Shawarata ga wanda ya koya a wurin ubangida ita ce ya fara da Trade Test ko NSQ, ko ma duka biyun idan da hali, sannan ya nufi NEMSA.

Mataki na biyu: tara hujjar aikin da ka yi

A nan ne mafi yawan mutanenmu ke faɗuwa, kuma ba don rashin iyawa ba. Mai tantancewa bai san ka ba, bai ga gidajen da ka yi ba, kuma ba zai rubuta cewa ka iya don ka rantse masa ba. Abin da zai dogara da shi shi ne abin da ya gani da idonsa da abin da ka ajiye a gabansa. Don haka tun kafin ka taka ƙafa zuwa wani ofis, ka ɗauki wata uku zuwa shida kana haɗa fayil.

Ka sayi littafi mai kauri, ka mayar da shi littafin aiki. Duk aikin da ka yi, ka rubuta kwanan wata, da unguwa, da irin ginin, da abin da aka yi: fes ɗaya ne ko fes uku (fes shi ne layin da ke ɗauke da wuta), da'ira nawa ka fitar daga akwatin rabon wuta, kaurin wayar da ka sa a kowace, girman birekar da ke tsare ta (na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa), da sakamakon awon da ka yi kafin ka saki wuta. Idan rubutun boko yana ba ka wahala, ka rubuta da Hausa ko da ajami, daga baya wani ya taimaka maka a mayar. Abin da ake bukata shi ne kada bayanin ya ɓace. Ayyukan baya da ka tuna su ma ka rubuta su gwargwadon abin da ka tabbatar, kada ka ƙara gishiri, domin tambaya biyu ko uku ta isa ta tona abin da aka ƙirƙira.

Sai hotuna. Hoton fitila tana ci a falo ba ya nuna komai, domin kowa zai iya ɗaukarsa. Hoton da ke da amfani shi ne na aikin yana tsakiya: bututu a bango kafin a yi filasta, akwatin rabon wuta a buɗe ana ganin yadda aka jera wayoyi da alamar kowace da'ira, ramin sandar at, wato ƙarfen da ake binnewa domin kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, kafin a rufe shi, na'urar awo tana nuna lamba, kai kuma kana cikin hoton da kayan kariya a jikinka. Gajeren bidiyo da wayar hannu ya fi hoto ƙarfi. Ka nemi izinin mai gida kafin ka ɗauka, kuma ka kiyaye kada iyalinsa su fito a ciki.

Bayan haka ka koma wurin ubangidanka. Ka je da ladabi kamar yadda aka saba, ka roƙe shi ya rubuta maka takardar da ke faɗin shekarar da ka fara, shekarar da ya yaye ka, da irin ayyukan da ka yi a ƙarƙashinsa, ya sa hannu da lambar wayarsa. Idan ya rasu, babban yaronsa da ya gaji shagon ko shugabannin ƙungiyar masu sana'ar a yankinku za su iya ba da shaida. Ka ƙara da takardun mutum biyu ko uku da ka yi wa aiki, musamman injiniya ko ɗan kwangilar gini da ya duba aikinka, domin a tsarin NSQ shaidar wanda ya ga aiki da idonsa hanya ce da aka amince da ita. Rasiɗan sayen kaya, takardun ƙiyasin kuɗi da ka rubuta wa masu gida, da zanen wayarin ko da na hannu ne, duk su shiga fayil.

Abu na ƙarshe a wannan mataki ƙarami ne amma yana ɓata wa mutane shekaru: sunanka ya zama iri ɗaya a ko'ina. Idan katin NIN ya ce Muhammad, takardar firamare ta ce Mohammed, ubangida kuma ya rubuta Mamman, to ka gyara tun yanzu, ka bi yadda yake a NIN, haka ma ranar haihuwa.

Mataki na uku: cike giɓin da koyon shago ya bari

Dole a faɗi gaskiya a nan. Koyo a wurin ubangida yana ba da saurin hannu da sanin dabarar aiki, amma sau da yawa yana barin rami a wurare uku: lissafi, awo, da ƙa'idar kariya. Waɗannan ukun kuma su ne zuciyar kowace tantancewa.

Lissafin da ake bukata ba mai yawa ba ne. Wutar gida a Najeriya ana ƙiyasta ta a kan volt 230 a fes ɗaya, 400 tsakanin fes da fes, a kan maimaituwa 50 a daƙiƙa. Idan aka ce maka hita mai wat 3,000 za a ɗaura, ana so ka raba 3,000 da 230 ka samu kusan amfiya 13, sannan ka faɗi wayar da birekar da suka dace, ka kuma bayyana dalili. Kowane mai wayarin ya san ana sa waya mai kauri sukwaya milimita 1.5 a fitilu, mai 2.5 a soket, amma mai tantancewa zai tambaye ka me ya sa, kuma me zai faru idan aka ɗaura bireka mai amfiya 32 a kan waya mai 1.5. Amsar ita ce wayar za ta yi zafi har rigarta ta narke alhali birekar ba ta faɗi ba, domin aikin bireka shi ne kare waya, kuma da yawa daga gobarar da ake ɗora wa kawo wuta da ƙarfi daga irin wannan haɗin take tashi. Ka san kuma cewa tsawon waya yana rage ƙarfin wuta, shi ya sa famfon rijiyar burtsatse da ke nesa da gida yake bukatar waya mafi kauri fiye da abin da amfiyarsa kaɗai ta nuna.

Launin waya ma ana tambaya. A tsohon tsari ja da rawaya da shuɗi su ne fes, baƙi shi ne nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. A sabon tsari ruwan ƙasa da baƙi da toka-toka su ne fes, shuɗi ya koma nutural. At kuwa kore da rawaya ne. Haɗarin a fili yake: baƙi da shuɗi sun yi musayar ma'ana, kuma a gidajenmu ana samun tsarin biyu a akwati ɗaya idan an yi ƙari a tsohon gini.

Awo shi ne inda na fi so mai karatu ya tsaya. Al'adar da muka saba da ita ita ce a gama aiki, a saki wuta, idan fitila ta kama kuma babu abin da ya yi ƙara, a ce aiki ya yi. A wurin tantancewa wannan faɗuwa ce kai tsaye. Ana so tun wuta tana kashe ka auna cewa wayar at ta isa kowane soket ba tare da yankewa ba, ka auna ƙarfin rigar waya da na'urar da ake kira mega a kan volt 500, inda sakamakon bai kamata ya gaza megohm ɗaya ba, ka tabbatar cewa makunni da bireka a kan wayar fes suke ba a kan nutural ba, ka kuma auna sandar at da aka binne. Bayan an saki wuta sai a gwada na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare, wadda mai miliamfiya 30 ce ake sawa domin kare ran mutum. Tasta mai ƙaramar fitila da muke sakawa a aljihu ba ta isa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan ba ka da mega, ku haɗa kuɗi ku saya a ƙungiya, ko ka nemi wanda yake da ita ka bi shi aiki na 'yan makonni har hannunka ya saba.

Game da kariya, ka koyi tsarin kashe wuta yadda ake so a gan shi: ka kashe, ka kulle ko ka rataya gargaɗi, ka gwada na'urar awonka a inda ka san akwai wuta, ka auna inda za ka taɓa, sannan ka sake gwada na'urar. A ƙasarmu akwai ƙarin haɗari da ya sa wannan ya zama wajibi, domin gida ɗaya yana iya samun wuta daga layin kamfani da janareta da inbatar sola, kuma canjoba, wato makunnin sauya wuta daga layi zuwa janareta, da aka haɗa ba daidai ba tana iya mayar da wutar janareta kan layi ta kashe ma'aikacin da ke kan turke. Ka san abin da za ka yi idan wuta ta kama mutum, da irin abin kashe gobarar da ya dace da wutar lantarki. Ƙa'idojin da NEMSA ke aiki da su suna cikin kundin NESIS da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙasa ta fitar a 2015, kuma yana da kyau ka samu sashen da ya shafi wayarin ɗin gini, wani ya karanta maka shi idan Turancin ya yi nauyi. Gajeren kwas a kwalejin fasaha, ko a cibiyoyin ITF, asusun horar da ma'aikata na tarayya, ko a NAPTIN da ke horar da ma'aikatan ɓangaren lantarki, yana rufe wannan giɓi cikin ɗan lokaci.

Mataki na huɗu: rajista

Domin Trade Test, ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharku da ƙafarka, ka nemi jami'in gwajin sana'a. Domin NSQ, ka nemi cibiyar da aka amince ta yi tantancewa a fannin wayarin, wanda galibi za ka samu a kwalejojin kimiyya da fasaha da wasu cibiyoyin koyon sana'a, ka kuma tambaye su wace hukuma ce za ta buga takardar, domin cibiya tana tantancewa ne, hukumar bayar da shaida irin su NABTEB ce ke fitar da ita. Kuɗin hukumomin tarayya ta kafar biyan kuɗi da gwamnati ta amince da ita, irin su Remita, ake biya, a ba ka lambar biya da rasit. Ka adana su.

A nan zan yi gargaɗi da babbar murya. Akwai masu yawo suna cewa ka kawo hoto da kuɗi, bayan mako guda su kawo maka Trade Test aji uku, biyu da ɗaya a haɗe, ba tare da ka taɓa ko fulaya ba. Wani yaro da ya taɓa aiki a hannuna ya bi wannan hanya ba da sanina ba, ya samu aiki a wani kamfani, bayan 'yan watanni aka aika a tabbatar da takardar, aka tarar babu lambarta a rajista. Ya rasa aikin, ya kuma rasa mutuncinsa a wurin mutanen da da farko sun yaba hannunsa, alhali da ya zauna gwajin da ya ci shi cikin sauƙi.

Mataki na biyar: ranar tantancewa

A Trade Test za ka haɗu da gwajin aiki da tambayoyi. Ana iya ba ka allo ka haɗa fitila mai makunni biyu, ko da'irar soket, ko sitata, wato na'urar tayar da injin lantarki mai fes uku, idan ajin ya yi sama, sannan a tambaye ka dalilin abin da ka yi. A NSQ abin ya fi tsawo: mai tantancewa zai zauna da kai ku tsara yadda za a bi, ya duba fayil ɗinka, ya zo ya kalle ka kana aiki na gaske, ya yi maka tambayoyi, ya rubuta. Bayansa akwai mai duba aikinsa a cikin cibiyar, da wani daga waje, domin kada son rai ya shiga. Sana'ar an kasa ta kashi-kashi, kuma akwai kason da ya zama dole ga kowa, kamar kiyaye lafiya da kariya, sadarwa, da aiki tare da jama'a. Sakamakon ba maki ba ne. Ko a ce ka ƙware, ko a ce ba ka kai ba tukuna, kuma idan kaso ɗaya ne ya rage, shi kaɗai za ka koma ka cike.

Ka je da kayan aikinka masu kyau, da takalmin kariya da safar hannu da hular kwano. Kada ka yi gaggawa don nuna gwaninta, domin mai tantancewa ya fi kula da tsari fiye da sauri: ya ga ka kashe wuta ka tabbatar, ka matse kowane kusa, ba ka bar jan ƙarfe a waje ba, ka yi awo, ka share wurin. Idan ba ka fahimci tambaya ba, ka nemi a maimaita ko a sauƙaƙa, kuma tun wajen rajista ka tambaya ko za a iya yi maka tambayoyin baka da Hausa. Idan ba ka san amsa ba ka faɗi haka, domin a sana'ar da kuskure ke kashe mutum, mai cewa bari in duba ya fi mai kame-kame kwantar da hankalin mai tantancewa.

Mataki na shida: lasisin NEMSA da abin da ke biye

Idan takardar ƙwarewa ta zo hannu, sai ka haɗa ta da fayil ɗin ayyukanka ka nemi shaidar NEMSA ta ofishin sufetocinta mafi kusa da kai ko ta shafinta na intanet. Shaidar aji-aji ce gwargwadon girman aiki da ƙarfin wutar da aka yarda ka taɓa, daga wayarin ɗin gida har zuwa layukan kilovolt 11 da 33 da taransifoma, kuma kwamiti ne ke duba takardu ya gwada mai nema kafin a ba shi. Ka nemi ajin da ya yi daidai da abin da ka saba yi, ka hau sama daga baya, kuma kada ka karɓi aikin da ya wuce ajinka ko ka ara wa wani sa hannunka a kan aikin da ba ka duba ba, domin idan gobara ta tashi sunan da ke kan takarda shi za a nema. Shaidar tana da wa'adi, don haka ka rubuta ranar ƙarewarta a bangon littafin aikinka ka sabunta kafin ta wuce.

Daga nan akwai ƙofofi biyu da ya kamata ka leƙa. Majalisar COREN, mai kula da aikin injiniya, tana da rajistar masu sana'ar hannu ban da ta injiniyoyi, kuma ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki masu lasisi, LECAN, tana da rassa a jihohi inda ake samun labarin horo da sauye-sauyen ƙa'ida. Wanda ke son ya karɓi kwangila da sunan shagonsa kuma zai bukaci rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a imel ɗinka, ka yi kwafi, ainihin kuma ka ajiye shi inda ruwa da gara ba za su kai ba. Littafin aiki kada ya tsaya don an samu takarda, domin shi za a sake nema ranar hawa aji na gaba. Idan kuma kana da yara a shago, ka saya wa kowannensu nasa littafin tun ranar da ya fara, ka riƙa sa masa hannu a ƙarshen kowane aiki, yadda ranar da ka yaye shi zai fita da fayil a hannu ya wuce wurin gwaji kai tsaye.